Sunan DJ, Waƙar Wani

Daga Birnin Kudu har Gwaram, bikin da ba a ɗauko DJ mai suna ba, ƙawayen amarya cewa suke lami ne. To, wai me ya rera? "Jarumar Mata" da ta tashi gari a 2020 ta Hamisu Breaker ce. Shi DJ ɗora ta kawai yake a na'ura. Ban ce ba shi da gwaninta ba, don sanin waƙar da za ta tada na zaune ma aiki ne. Amma ango ya sayar da buhun riɗinsa don kawai a ce wane ne ya yi kiɗan, anya? In aka rufe wa 'yan rawa ido, mutum nawa za su bambance shi da yaron shagon caji?