Karanta wa Yara "Shaihu Umar": Maganin Gorin Asali

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, wata rana a farfajiyar madarsarmu muka ji wani yaro ya ce wa abokinsa "ɗan bayi". Yaron da aka gaya wa haka ya yi kwana uku bai zo karatu ba. Lalle ba a kan allo mai zagin ya koyi wannan kalma ba, a gida ya ji ta.

Saboda haka muka fara karanta wa ɗalibai littafin Shaihu Umar, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta, aka buga shi a 1934. Labari ne na yaron da aka sace, aka sayar da shi, har ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim. Mutumin nan ya tafi da shi ƙetaren hamada, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama babban malami. Mahaifiyarsa kuwa ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita, ba ta gan shi ba sai gab da rasuwarta.

Mu sani ƙasarmu ta Damagaram ma an yi cinikin bayi a cikinta, kuma sai a 2003 dokar Nijar ta tanadi hukunci a kan bautar da mutum. Amma gorin asali bai bar bakunanmu ba, daga Magarya har Dungas, musamman wajen neman aure.

Aya ta 13 ta Suratul Hujurat ta koya mana cewa rarrabuwar ƙabilu don sanin juna ce, fifiko kuwa yana ga taƙawa. Manzon Allah (SAW) ya tsawata wa Abu Zarri da ya goranta wa wani mutum mahaifiyarsa, ya nuna masa wannan ɗabi'ar jahiliyya ce. Bilal kuwa, wanda aka 'yanta, shi ne ladanin Annabi.

Ya ku malamai, ku karanta babi guda, sannan ku tambayi yara: da ku ne Umar, wane suna za ku so a kira ku da shi? Ya ku iyaye, ku kiyaye harsunanku a gaban 'ya'yanku.

Allah Ya tsarkake zukatanmu daga girman kai. Amin.