Taku Ɗaya Ma Tafiya Ce

Kwanan baya wani maƙwabcina ya sayo doki ɗan shekara 3 daga Arewa, yana so ɗansa ya hau ranar Sallah, ga shi saura mako huɗu. Ya nemo wani yaro cikin masu kula da dawakin folo a Eleyele, ya ce yana so dokin ya iya taƙama da sukuwa har da zamiya. Yaron ya ce, "Alhaji, a mako huɗu iyakata in sa ya tsaya a ɗaura masa sirdi bai firgita ba." Alhaji ya fusata, ya zo shagona da tambaya: wanda ya gamsu da kaɗan, anya ba ragwanci yake ɓoyewa ba?

Tambaya ce mai nauyi, sai na ba shi labarin kaina.

Ina ɗan shekara 17 a ƙauyenmu na ƙasar Katsina, kawuna ke riƙe da bargar hakimi. In aka kawo duƙushi, sai ya yi mako guda ragama kawai yake sa masa. Sannan ya ɗora jalala a bayansa ya sauke, ya ɗora ya sauke. Sirdi sai daga baya, linzami kuwa shi ne ƙarshe. In zai koya masa ja da baya, sai ya ɗan ja ragama, da dokin ya ɗaga ƙafa ɗaya baya sai ya saki nan take ya shafa wuyansa. Doki ai ba ya jin Hausa. Lokacin da aka sassauta masa, a nan yake gane ya yi daidai. In ya ba ka taku ɗaya ka ci gaba da ja don biyar kake so, to ka gaya masa ke nan takun nan kuskure ne.

Da Kawu ya yi tafiya, son a yaba mini ya sa na sa wa wani ɗan doki linzami, na hau da ƙaimi da bulala. Kun san linzaminmu mai zobe ba wasa ba ne. Kwana uku bakinsa ya fashe. Daga nan da ya hango linzami sai ya miƙe da ƙafafun baya. Kawu ya yi kusan shekara yana gyaran ɓarnar kwana uku, kuma har aka sayar da dokin ba a taɓa fita hawa da shi ba. Bai doke ni ba, cewa kawai ya yi, "Kai dokin da ke cikin kanka kake hawa, wannan kuwa shi ke shan wahalar."

Nan ne cutar mai neman komai ya cika lokaci guda. Ba ya ganin abin da ke gabansa, sai giɓin da ya rage, sai ya huce a kan wanda ke hannunsa. Ga shi jiki ma yana da lokacinsa, don ƙashin bayan doki ba ya gama ƙwari sai ya kai shekara 5 zuwa 6.

Amma Alhaji na da gaskiya a abu ɗaya: akwai ragon da ke fakewa da "sannu-sannu". Yadda ake gane shi, a auna yau da makon jiya. Mai horo na ƙwarai zai nuna maka abin da ya ƙaru, ya faɗa maka na gaba. Rago kuwa kullum dokinsa na turke ɗaya. Sannan haƙuri na koyon abin da ba a iya ba ne. Cizo da harbi kam, Kawu ranar farko yake tsawatarwa.

To mu duba kanmu. Yaron shago da jiya bai iya lissafin canji ba, yau ya iya amma ya manta rubutawa, me ya fara ji daga bakinmu? In zagi ne kullum, wata rana zai daina gwadawa, mu ce ya lalace.

Alhaji dai ya haƙura. Bana ɗansa zai hau, mai horo na riƙe da ragama a ƙasa. Sukuwa sai baɗi, in muna da rai. Allah Ya sa mu dace.