Tsokar da Ta Rage a Asibiti: Mallaka ce ko Amana?

Idan mace daga Wurno, Rabah ko Goronyo ta je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da ƙullutu a mama, akan yanki 'yar tsoka, a jiƙa ta a fomalin, a daskarar da ita cikin kakin farafin domin a gano ko sankara ce. Ita ta koma gida, tsokar kuwa tana iya shekara da shekaru a ajiye.

A cikinta akwai maikro-RNA, ƙananan sinadaran da ke daidaita aikin ƙwayoyin gado, waɗanda gano su ya sa Victor Ambros da Gary Ruvkun suka sami kyautar Nobel ta 2024. Gajartarsu ta sa ba sa saurin lalacewa, don haka ana iya auna irin su miR-21, mai ƙaruwa a sankarar mama, ko bayan mai tsokar ta rasu.

To, wa ke da iko da ita? Wasu na cewa jiran izini zai tauye binciken da zai ceci rayuka, ga shi mamaci ba ya amsa tambaya. Hujjar tana da ƙarfi. Sai dai a 1951 an ɗauki ƙwayoyin Henrietta Lacks a Amurka ba da saninta ba. Duniya ta amfana, iyalinta suka shafe shekaru fiye da ashirin ba su sani ba.

Saboda haka a nemi yardar mace tun ranar yanka, da harshen da take ji. A ɓoye sunanta, a kuma mayar wa ƙauyenta amfanin binciken ta hanyar gwaji da wuri. Tsokar amana ce a hannun mai bincike, kuma mai amana ake fara tambaya.