Ƙaro, Dalma da Amanar Ƙasa

A Minjibir na tashi ina ganin kakana yana jiƙa ƙaron dakwara ya zuba a tawada, don rubutu ya kama allo. Bai taɓa sare bishiyar ba. Ɓawonta yake tsagawa, ya jira.

Yau masana na gwada ƙaro da sitacin rogo wajen manna katako, suna kuma neman madadin dalma a bangon ɗakin hoton ƙashi. Gubar dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Shin gwaji ya saɓa wa tawakkali? A'a. Ƙasa amana ce daga Allah, mai riƙon amana kuwa ba ya aiki da ka. Malamai, ku ƙarfafa wa 'ya'yanmu gwiwar bincike.