Idan Namu Ne Ba Shi da Gaskiya Fa?

Da daminar bara wani ɗan'uwa a Ekklesiya ya zo wurina da dare a nan Birnin Malam. An kira shi shaida gaban alƙali a kan iyakar gona, ya kuwa san wansa ne ya tura gamba cikin gonar maƙwabci. Maƙwabcin ba mai bi ba ne. Ya ce, "Pasto, mu 'yan kaɗan ne a ƙasan nan. In na kunyata namu, wa zai tsaya mana gobe?" Ban amsa masa nan take ba, gama tambayar tana da nauyi.

Na ba shi labarin wani lauya na Amurka, John Adams. A 1770 sojojin Ingila suka harbe mutum 5 a birnin Boston, gari duka yana neman jininsu. Adams yana cikin masu ƙin mulkin Ingila, duk da haka ya yarda ya tsaya wa sojojin a shari'a. Cikin 8 aka sallami 6, aka kama 2 da laifin kisa ba da niyya ba. A shekaran nan kuma mutanen Boston suka zaɓe shi majalisar dokoki.

Kada wani ya ce halin Turawa ne. Ga Gwandu nan kusa da mu. Bayan yaƙin Alwasa na 1805, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga waɗansu cikin jama'arsa sun koma neman dukiya da sarauta. Bai rufe ido don nasa ne ba. Ya bar su ya nufi Makka, mutanen Kano suka tsai da shi, can ya rubuta Liya'ul Hukkami domin masu hukunci, sa'an nan ya komo.

Mu kuwa muna da Fitowa 23:2-3, inda aka hana mai shaida bin taro, har aka hana shi karkata wa matalauci. To, balle ɗan'uwa mai cin iyaka? A ganina ƙarancinmu ne ma ya sa ba mu da halin yin ƙarya. Ran da alƙali ya gane shaidar Kirista tana bin dangi, da me za mu kāre kanmu sa'ad da aka zalunce mu?

Na ce masa ya fara zuwa wurin wansa su biyu kaɗai, bisa ga Matta 18:15. Ya je, wan ya ƙi. Ya faɗi gaskiya gaban alƙali, aka mai da gamba wurinta. Har yau wansa ba ya amsa gaisuwarsa. Ku riƙa tunawa da su biyu cikin addu'a.