Mutum-mutumin Jarumai da Rangwamen 'Yar Tsana

Duk wanda ya saba ratsa unguwar Television, a kudancin kogin Kaduna, ya bi ta gefen tasharta inda masu gwanjo ke baza haja a kan buhu, ba zai rasa ganin tsibin kayan wasan yara da suka ƙetaro teku ba, a cikinsu kuwa har da 'yan ƙananan mutum-mutumi na roba, wannan da jar alkyabba, wancan da fuska a lulluɓe, wani ma hannunsa guda ya guntule tun a ƙasar da ya baro. Yara sun san su da suna: Superman, wanda aka fara bugawa a Amurka a 1938, da Batman na 1939, da Spider-Man na 1962. Amma mas'alar da ke gabanmu ta manya ce, domin akwai magidanta da samari masu hankali waɗanda suka mai da tara irin waɗannan siffofi abin shagalarsu.

Daga cikin waɗanda suka shahara a wannan fanni akwai wasan HeroClix, wanda kamfanin WizKids ya fitar a 2002. Jarumi a galibi bai kai tsawon ɗan yatsa ba, an dasa shi a kan wani faifai mai juyawa da lambobi a cikinsa. Idan abokin karawa ya sare shi a fagen wasa, wato taswira mai gida-gida da ake shimfiɗawa a tebur, sai mai shi ya murɗa faifan ya yi ƙas, sababbin lambobi su bayyana ta wata 'yar taga, ƙarfinsa ya sake, har a kai ga murɗar da za ta fitar da shi. Hakika akwai hikima a ƙirar, kuma ban ga dalilin musun haka ba.

To, mene ne hukunci? Malaman mazhabar Imamu Malik, wadda a kanta muka tashi, sun rarrabe sura daki-daki, kuma Shehu Ahmad Dardir, a sharhinsa na Muhtasar Halil, ya bayyana cewa wadda aka haramta ita ce surar abu mai rai idan tana da inuwa, gaɓoɓinta kuma sun cika, alhali zanen da ke kan takarda ko bango bai wuce karhanci ba. Bisa wannan ma'auni, da jarumin roba ya faɗa cikin haramcin kai tsaye, ba domin wata ƙofa da aka bari a buɗe ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abu Dawuda kuma ya kawo labarin doki mai fukafukai da ya gani cikin kayan wasanta, da ya tambaya ta kafa hujja da dawakan Annabi Sulaimanu, shi kuwa ya yi dariya bai hana ba. Ashe ke nan halittar ƙage mai tashi sama ta riga Superman shiga ɗakin yara da ƙarnoni masu yawa. A kan haka Alƙali Iyal, wanda ya rasu a 1149, ya tafi cewa 'yar tsana halal ce domin tana koya wa yarinya reno, da yawan fuƙaha'u kuma suka bi shi.

Sai dai rangwame yana tafiya ne tare da illarsa, wato dalilin da ya sa aka yi shi. 'Yar tsanar kara da yaranmu ke goyawa, da saniyar laka da yaro ke ginawa a bakin rafi, an yafe su ne saboda ana wasa da su: a ja su a ƙasa, a jefar, a taka, su karye, a manta. Wanda yake zube jarumansa a tebur yana karawa da abokinsa, ko da babba ne, ina ganin yana da ɗan abin kamawa a wannan ƙofa, ko da yake ba kowane malami zai sakar masa ba, ga kuma ƙwayar da ake jefawa a wasan irin ta ludo, wadda Malikawa suka tsananta a kan 'yar'uwarta, nardu. Amma wanda ya ɗauke su daga wasa ɗungum, ya jera su a kabad ɗin gilashi, yana kakkaɓe musu ƙura, yana tsawata wa ɗansa in ya miƙa hannu, wannan ya fita daga illar rangwamen da ƙafarsa, domin ya mai da abin da ake wulaƙantawa abin da ake darajantawa.

Ba ina tuhumar kowa da shirka ba, Allah Ya tsare. Mai tarawa ya fi kowa sanin cewa roba ce. Maƙwabtanmu Kiristoci, waɗanda su ne mafi rinjaye a Television, su ma magabatansu sun daɗe suna muhawara a kan bambancin girmama sura da bauta mata, har aka yi babban taron Nikiya na biyu a kai a 787. Abin da ke tsorata ni shi ne tafsirin Ibnu Abbas a kan sunaye biyar da suka zo a Suratu Nuhu, wato Waddu, da Suwa'u, da Yagusu, da Ya'uƙu, da Nasru, cewa salihan mutane ne da aka kafa musu siffofi domin tunawa kawai, ba a kuwa bauta musu ba sai bayan masu kafawar sun shuɗe, ilmi ya gushe. Waɗanda suka kafa suna da kyakkyawar niyya, kuma sun san abin da suka kafa; jikokinsu ne suka tarar da abu a tsaye a wurin daraja, ba su tarar da bayaninsa ba.

Akwai kuma wata damuwar da ta fi kusa da aljihu. Galibin waɗannan jarumai ana sayar da su ne a kwali rufaffe, mai saye bai san wanda ke ciki ba sai ya biya ya farke, kamfani kuwa da gangan yake yawaita wasu ya ƙaranta wasu, ta yadda guda ɗaya da ba a cika samu ba zai ninka darajar sauran sau da yawa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira hani a kan cinikin garari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙarsa ba, kuma sharaɗi ne a wurinmu a san abin sayarwa, zatinsa da siffarsa. Mai farke kwali na goma yana neman jarumi guda da ya ƙi fitowa, zuciyarsa na bugawa, ba shi da nisa da mai jiran sakamakon caca, kuma a nan, a ganina, laifin ya fi fitowa fili fiye da batun sura. Mafita kuwa tana nan, domin masu tarawar da kansu suna sayar wa juna ɗaiɗai, a buɗe, kowa ya ga abin da zai saya ya taya, kamar dai yadda mai gwanjo ke yi, wanda ba ya ɓoye maka guntulallen hannu.