Akira Toriyama da Alhakin Abin da Hannu Ya Zana

A ranar 1 ga Maris, 2024, Akira Toriyama ya mutu a Japan yana da shekara 68, sakamakon taruwar jini a cikin kansa. Da aka sanar da labarin bayan mako guda, dubban matasa suka yi cincirindo a tsakiyar birnin Buenos Aires na Ajantina, Ma'aikatar Harkokin Wajen Sin ta yi ta'aziyya, shugaban Faransa ma ya bi sahu. Duk wannan saboda mutumin da ba ya son a ɗauki hotonsa, wanda bai koma Tokyo ba, ya yi zamansa a lardin Aichi inda aka haife shi a 1955, yana ta zane.

Ya fara da aiki a wani kamfanin talla, ya ajiye, ya shiga aika labaran zane zuwa mujallar Weekly Shonen Jump. Editansa Kazuhiko Torishima ya mayar masa da shafuka masu ɗimbin yawa kafin Dr. Slump ya samu karɓuwa a 1980. A 1984 ya soma Dragon Ball, ya ɗauko ginshiƙinsa daga wani tsohon labarin Sinawa na sarkin birai, bai dire ba sai 1995, bayan babi 519. Shekarar 1986 ta ƙara buɗe masa wasu ƙofofin: Toei Animation ya mayar da labarin katun na talabijin, sannan wasan kwamfuta na Dragon Quest ya fito ɗauke da jarumai da dodannin da ya zana.

Toriyama ya sha faɗa cewa burinsa shi ne ya nishaɗantar da yaran Japan, ba shi da wani saƙo da yake son isarwa. To, mutumin da ya ce wasa kawai yake yi, amma wasan ya shiga gidajen miliyoyin mutane, me ke wuyansa daga abin da aikin ya haifar?

Abin da ke sa amsar wuya shi ne, da yawa daga abubuwan da suka ɗaukaka shi bai nufe su ba. Gashin Goku, jarumin Dragon Ball, da ke rikiɗewa ya koma ruwan zinare idan ƙarfinsa ya kai matuƙa, wanda yara ke kwaikwayo a kowace nahiya, asalinsa dabarar rage aiki ce: a shafin baƙi da fari, mataimakinsa na shan wahalar cike gashin da tawada, sai ya bar wurin fari fat. Shi kansa Goku ya zana shi ne a matsayin mai son faɗa don faɗan, mai neman wanda ya fi shi ƙarfi. Masu katun ne suka ƙara masa kamannin gwarzon adalci, kuma Toriyama ya nuna bai gamsu da hakan ba. A Dragon Quest, mai tsara wasan, Yuji Horii, ya miƙa masa zanen wani dunƙulen yauƙi mai ban ƙyama, shi kuwa ya dawo da shuɗin abu mai siffar kan albasa, da idanu zuru-zuru da murmushi. Wannan ɗan dodon shi ne tambarin wasan har yau. Da kashi na uku na wasan ya fito a 1988, a ranar makaranta, ɗalibai suka tsere daga aji suka bi layi, 'yan sanda suka tattara ɗaruruwansu.

Ba wanda zai ɗora wa mai zane laifin yaron da ya gudu daga makaranta. Amma akwai abin da ya fito daga alƙalaminsa kai tsaye. A Dragon Ball akwai Mista Popo, hadimi baƙi ƙirin mai manyan leɓɓa, irin siffar da aka daɗe ana wulaƙanta baƙar fata da ita a Turai da Amurka. Wata tashar Amurka sai da ta rina shi shuɗi kafin ta nuna wa yara. Akwai kuma tsoho Roshi, malamin Goku, wanda aka mayar da leƙen 'yan mata da taɓa su abin dariya. A 2021 an janye Dragon Ball Super, ci gaban labarin, daga talabijin a Ajantina bayan ƙorafi kan wani fage na Roshi.

Masoyansa kan ce bai yi da mugun nufi ba, kuma wataƙila gaskiya ne. Sai dai fiƙihun Musulunci ya daɗe da raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Lada da zunubi suna bin niyya. Ramuwa kuwa tana bin ɓarna: wanda ya lalata dukiyar wani bisa kuskure ba shi da zunubi, amma sai ya biya, kuma kisan kuskure yana da diyya. Akwai kuma hadisin da ke nuna cewa wanda ya assasa kyakkyawan abu yana da rabo a ladan masu binsa, wanda ya assasa mummuna yana da rabo a nauyinsu. Hisabin Toriyama yana wurin Allah, ba hurumin kowa ba ne, kuma batun halaccin zana mai rai muhawara ce daban da malamai suka yi saɓani a kanta. Abin da ma'aunin ya dace da shi a nan shi ne aikin. Yaro baƙar fata da ya ga Popo bai ga zuciyar mai zanen ba, leɓɓan ya gani.

Da wannan ma'aunin dai dole a ba shi haƙƙinsa. Labarin da abokin gaba irin Piccolo ko Vegeta ke komawa aboki, kuma ƙarfi ke zuwa ta hanyar atisaye mai wahala, shi ma hannunsa ne ya zana shi, ko da bai kira shi darasi ba. Rashin nufin wa'azi bai hana alherin isa ga mutane ba, haka ma bai hana cutarwar isa ba.

Nauyin kuma bai tsaya a kansa shi kaɗai ba. Edita ya amince, kamfani ya sayar, tasha ta watsa, wani ya tura a wayar yaro. Iyayen da 'ya'yansu ke kallon Goku su zauna su kalli kashin farko na Dragon Ball da kansu kafin su miƙa wayar, domin a nan ne wasannin Roshi suka fi yawa.